Malam Gwadabe Magini da Bangon Masallacin Rijiya

Haihuwa

An haifi Malam Gwadabe Magini a shekarar 1943 a unguwar Koki, cikin birnin Kano. Mahaifinsa Malam Mikail magini ne ɗan magini, mahaifiyarsa Malama Binta kuwa 'yar Shahuci ce. Gidansu yana jingine da Masallacin Rijiya, ƙaramin masallacin unguwa da kakannin kakanni suka gina da tubali da azara. Ginshiƙai huɗu ne a cikinsa, bakan gizo ya tashi daga kan kowanne ya haɗu da 'yan uwansa a tsakiyar rufi, kaurin bangon kuwa kamu uku ne. Babu wanda ya san shekarar gininsa. Abin da aka sani shi ne, gyaransa a hannun gidansu yake tun asali.

Karatu da sana'a

An sa shi makarantar allo yana ɗan shekara biyar, ya kai izu ashirin ya tsaya. Boko bai yi ba, bai kuma taɓa jin kunyar hakan ba. A shekarar 1955 ya fara bin mahaifinsa wurin gini, ya shekara bakwai yana cuɗa ƙasa da ƙafa kafin a yarda ya ɗora tubali ɗaya. Da mahaifinsa ya rasu a 1968, masallacin ya dawo wuyansa. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka yakan kira gayya, mazan unguwa su cuɗa ƙasa, shi kuma ya hau rufi ya gyara indararo, sannan a shafe bango da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwan sama cin ƙasa.

Aure

A shekarar 1970 ya auri Hasana, wadda ake kira 'Yardada, daga Ƙofar Na'isa. Ita ce ta riƙa dama wa 'yan gayya kunun tsamiya shekara da shekaru. Ita kaɗai ce kuma ke iya masa faɗa. In ya shigo da taɓo takan ce, "Malam, a wanke ƙafa. Tabarmata ba bangon masallaci ba ce." Yakan koma ya wanke.

Shekarun siminti

A shekarar 2008 Alhaji Ɗanladi, ɗan unguwar da Allah Ya buɗa wa a fataucin atamfa, ya dawo daga aikin Hajji da niyyar alheri. Ya ce zai shafe masallacin da siminti a huta da yaɓe, a kuma cire indararon ƙasa don sun ɓata fuskar gini. Jama'a suka yi ta sa masa albarka. Malam Gwadabe ne kaɗai ya ƙi.

Ya ce, "Bangon ƙasa numfashi yake yi. In kun toshe masa hanci, ta ciki zai ruɓe."

Alhaji ya ce, "Haba Baba Gwadabe, ɗakin Allah ne fa, ba rumbu ba."

Liman Malam Shehu ya raba gardama. Aka yi wa bangon arewa siminti, aka cire indararonsa, aka bar wa Malam Gwadabe na kudu da makubarsa, aka ajiye damina uku. In simintin ya riƙe, za a shafe sauran, Malam Gwadabe kuma ya cire hannunsa daga masallacin har abada. Ya yarda. A shekarun nan gayyarsa ta koma mutum shida, matasa kuma suka laƙaba masa Sarkin Taɓo.

A watan Oktoba na 2011, bayan sallar La'asar, liman ya tsayar da jama'a. Malam Gwadabe ya ƙwanƙwasa bangon kudu, ya ba da sautin dutse. Ya ƙwanƙwasa na arewa, ya yi ƙara kamar ganga. Ya sa guduma ya fasa kamar faɗin tafin hannu, sai jiƙaƙƙiyar ƙasa ta zubo, gara na bin ta. Kan azara biyu ya riga ya ruɓe. Da an ƙara damina ɗaya, da rufin ya sauko kan sahun gaba.

Alhaji Ɗanladi ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ce, "Baba, na yi ɓarna. Yanzu me za a yi?"

Malam Gwadabe ya ce, "Naɗe wandonka."

Ya kuwa naɗe. Washegari aka ga attajiri cikin taɓo har gwiwa, 'Yardada na miƙa masa kunu tana cewa, "Alhaji, a taka da kyau, Sarkin Taɓo na kallo." Unguwa ta yi dariyar da aka daɗe ba a yi ba. Aka tokare rufi da itace, aka ɓamɓare simintin, aka sauya azara, aka mayar da indararo. Wata biyar aka yi, gayya kuma ta haura mutum sittin.

Shekarun ƙarshe

A shekarar 2014 jami'an kula da kayan tarihi suka zo suka auna masallacin, suka sa shi cikin gine-ginen da ba a rushewa, ba a kuma taɓa su da siminti. Suka nemi zanen ginin, Malam Gwadabe ya ce zanen yana kansa. Wani a cikinsu ya ce ai kai ba ya dawwama. Malam Gwadabe ya ɓata rai, amma ya ji. Daga wannan shekara ya daina hawa rufi, ya koma zama a ƙasa da sanda yana nuni, yana sa 'ya'yan unguwa su yi, su ɓata, su sake. Mutum tara ya yaye da hannunsa.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa ranar Juma'a, 10 ga Maris, 2023, cikin watan Sha'aban, yana da shekara tamanin. An yi masa salla a ƙofar masallacin, sahu ya cika lungun har ya fita bakin titi, aka kai shi maƙabartar Ƙofar Mazugal. Ya bar matarsa Hajiya Hasana da 'ya'ya biyar: Auwalu, Zainab, Umar, Muttaka da Sumayya, da jikoki goma sha bakwai. Muttaka ne magini a cikinsu. Kwana arba'in bayan rasuwar ya kira gayya, ya hau rufi, aka gama yaɓe kafin ruwan farko. Allah Ya jiƙan Malam Gwadabe, Ya kai haske kabarinsa.