Kantocin Baba Mai Agogo

Baba Mai Agogo ya yi shekara talatin da biyu yana gyaran agogo a bakin tashar mota. Da ya ajiye aikin, sai ya tare a wani ɗan gida a bene na biyu, ƙofarsa na kallon tawa. Ciki ɗaya ne da falo da banɗaki. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo, wadda yake kira Auta, tana aure a wani gari.

A bangon falon akwai kantoci huɗu na katako, cike maƙil da gwangwanaye, matattun agogo, rediyo, kofuna da kwalaben magani. Kowa ya shigo sai ya ce tarkace ne. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da na miƙa masa maganin hawan jini, na ajiye kwalbar inda hannuna ya kai.

"A'a, ɗan nan, mayar da ita inda ka same ta. Taƙi biyu daga rediyo."

Ran nan ya faɗa mini gaskiya. Idanunsa sun kusa tafiya, haske da inuwa kawai yake rabewa. Komai na kantocin nan da tafin hannu ya auna mazauninsa. Kwalbar maganin safe ya ɗaura mata roba ɗaya, ta yamma roba biyu. Sukari na bayan agogon da ba shi da gilashi, ashana na cikin kofi mai karyayyen hannu.

"Kada Auta ta ji," in ji shi. "In ta ji, cusa ni za ta yi a mota kamar buhu. Su ba ni ɗaki a bayan kicin, ruwa ma sai na kira. A nan kuwa ni nake dafa shayina."

Na yi masa alkawari.

Auta a shagon kayan ɗaki take aiki, ita ke jera kantocin da masu saye ke gani su yi sha'awa. Wata Asabar ta kawo masa ziyara, Baba ya sauka wajen aski. Na dawo daga aiki na tarar da kwalaye biyar a bakin ƙofarsa.

"Ƙanena, zo ka ga aiki," ta ce, tana share gumi da bakin mayafi. "Abu uku kawai a kowace kanta: babba, matsakaici, ƙarami. Sauran wurin a bar shi ya sha iska."

Bangon ya yi fes. A kantar da rediyo yake a da, sai tulun fure na gilashi, hoton mahaifiyarta, agogo ɗaya da ta goge. Magungunan ta zuba su a kwando mai murfi, ta cire robobin saboda sun yi dauɗa.

"Yaya, da kin bari ya dawo tukuna."

"Ya dawo ya hana ni? Ai kai ma ka san Baba, ko murfin kwalba ba ya yarwa."

Maganar ta zo mini har baki, na haɗiye ta. Har yau ina tunanin wannan haɗiyar.

Baba ya hawo a hankali, yana bin ƙarfen matakala. Ya cire takalmi ya shigo.

"Baba, duba!"

Ya juya fuska wajen bangon, ya ɗan jima.

"Kai, ya yi kyau, Auta. Kamar otal."

Ta yi dariya, ta ce ai da ma ta san zai so. Muka zauna ana hira har lokacin maganin yamma ya yi. Na yunƙura zan ɗauko masa, ya ɗaga mini hannu. Ya miƙe da kansa, ya taka taku huɗu kamar kullum, ya kai hannu inda rediyo yake. Babu rediyo. Hannun ya ci gaba da lalube a kan katako, ya ture tulun furen. Tulun ya faɗi ya tarwatse. Baba ya sunkuya zai tsince, ya ɗora ƙafa a kan gilashin.

Auta ta wanke ciwon ta ɗaure. Sannan ta ɗaga yatsu uku a gaban fuskarsa.

"Baba, nawa ne nan?"

Ya miƙa hannu yana laluben yatsun a iska.

Ta juyo ta dube ni. "Kai ka sani?"

Na sunkuyar da kai.

Washegari na shigo da kwalayen, na ce mu mayar da komai yadda yake, Baba na faɗa ina jerawa. Auta ta ce in bari. Ko an mayar, ba za ta iya barci ba tana tunanin risho da ashana a hannun wanda ba ya gani. Ba zan ce ta yi kuskure ba.

Ranar Talata mijinta ya zo da mota. Baba ya tsaya ya shafa kantocin ɗaya bayan ɗaya, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sannan ya bar ni na riƙe masa hannu a matakala, abin da bai taɓa yarda da shi ba.

Bayan wata guda na kira shi a waya, na tambaye shi ya sabon wuri.

"Suna kula da ni sosai, ɗan nan," ya ce. "Ba na taɓa komai."