Saƙon da Na Kai wa Taubashina

Ni dai tun ina yaro bakina ya fi hankalina sauri, kuma har furfura ta cika mini gemu ban gyaru ba. A allo ban yi nisa ba, boko kuwa ta taga na leƙa shi. Abin da na ƙware a kai tsokana ce, wanda kuma ya fi shan ta shi ne taubashina na Gafasa, ɗan ƙanwar babana. Na taɓa ce masa sansa na noma ya faɗa rijiya, ya sheƙo a guje ba takalmi. Na taɓa yi masa albishir an biya masa kujerar Makka. Shi ma ba ya raga mini. In ce masa bawana, ya ce ni ne nasa.

Wata damina ciwo ya kama shi. Hannu ya ƙi ɗaguwa, hula ma sai matarsa ta ɗora masa. In ya yi sujada, tashi ya zama aiki. Gaɓoɓin yatsunsa suka yi baƙi suka tsattsage. Daga asibitin Gaya aka tura mu Kano. A can wata likita ta ce garkuwar jikinsa ce ta juyo tana yaƙar tsokarsa. Ta ba shi magani, ta ɗebi jini, ta ce nesa za a aika da shi, mu dawo mu ji.

Maganin ya karɓe shi. Da lokacin komawa ya yi yana tsakiyar cirar gyaɗa, sai ya ce in je in jiyo masa, tunda ni ba ni da sana'a sai yawo.

Likitar ta zaunar da ni. "Baba, ina mara lafiyar?"

"Yana gona, ya warware."

Ba ta yi murmushi ba. Ta ce an ga wata alama a jininsa, kuma masu irinta sau da yawa huhunsu kan lalace da sauri, tun mutum bai fara ko tari ba. Ta ce kar ƙarfin hannu ya ruɗe mu. A kawo shi a kwantar, a fara magani mai ƙarfi tun huhun yana da lafiya.

Ban tsaya gida ba, daga mota na hau babur har gonarsa. Na gaya masa duka.

Ya dafa fartanya yana dariya. "Bawana, yau dabararka ta yi kwantai. Hannu ke mini ciwo, ka ce huhu?" Ya cika ƙirji ya ƙwala wa maƙwabcin gonarsa kira, har tsuntsaye suka tashi.

"Wallahi da gaske nake."

"Ranar kujerar Makka ma wallahi ka ce."

Na je wurin matarsa, ta rufe baki da mayafi. "Ku dai ba kwa girma." Abin haushin, fuskata ce ta ci amanata. Da na gan shi sai ta washe da kanta, in kuwa na ɗaure ta sai ya ce ga makircin nan ya fito. Na yi ta zarya tsakanin gidana a Gaya da Gafasa. A ƙarshe ya ce to ya ji, a bari a gama gyaɗa. Sai daga baya ya faɗo mini a rai cewa da liman na tura masa, da ya tashi a ranar.

Ba a gama gyaɗar ba tari ya fara, sai haki. Daga ɗaki zuwa zaure sai ya huta. Muka koma Kano a kwance, aka sa masa abin shaƙar iska. Likitar ta dube ni, ta shiga aikinta. Sun yi iya yinsu, amma a can ya cika, Allah ya jiƙansa.

Ana gobe zai rasu, ina zaune a gefen gadon ina yi masa fifita da hulata, ya janye abin daga bakinsa, ya yafito ni. Na kai kunne. Numfashin yana yankewa, ya ce, "Bawana, duk yawan danginmu, na rasa wanda zan aika sai kai."