Masar Falon Manya

Shekarar da ɗiyata ta haihu a Legas na fara hawa jirgin sama. Mijinta ne ya shirya tafiyar: daga Sakkwato zuwa Abuja, in jira can, sannan in hau wani jirgin zuwa Legas. A lokacin na riga na ajiye aikin koyarwa a firamare, abin da ya rage mini sai girkin biki. A Tambuwal, in za a yi suna ko ɗaurin aure a unguwarmu, ni ake fara nema don masa. Masata ta je Jabo, ta je Sanyinna, a bayan babur cikin kwando rufe da zane. Na saba a yaba mini, kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda nake nunawa.

Ina da ƙanwa, ɗiyar baffana, haifaffiyar Fakku ta ƙasar Kebbe. Ta zauna gidanmu shekara huɗu tana sakandare, kuma a gabana ta fara riƙe cokalin juya masa. Ni na nuna mata yadda ake jiƙa shinkafa, yadda ake gane ƙullu ya tashi, da yawan man da tanda ke so. Aure ya kai ta Abuja. Ta fara dafa wa ma'aikatan ofis abincin rana, daga baya muka ji ita ke kai abinci wani falon hutawa na matafiya a filin jirgi. Kullum sai an sa hotunan girkinta a zauren danginmu na waya, kowa na yi mata addu'a. Ni ma ina rubuta ma sha Allah, sannan in kife wayar a kan tabarma in daɗe ban ɗauka ba.

Ranar tafiya na bar Tambuwal da hantsi. A filin jirgin Sakkwato na zauna babban zauren jira tare da kowa, kan kujerun ƙarfe masu sanyi. Abincin wurin duk yana cikin wani ɗan shago a kusurwa: biskit, cincin a leda, gyaɗa a kwalba, lemo, da wani burodi mai nama a ciki da aka jera a akwatin gilashi ƙarƙashin ƙwan lantarki. Na saya guda. Naman ciki ɗan kaɗan ne, sauran duk dankali. Na cinye shi ba tare da ya dame ni ba, don babu wanda na sani da hannu a cikinsa.

Mun sauka Abuja bayan azahar. Ɗiyata ta ce da na sauka in kira ƙanwar tawa, tunda tana wurin kusan kullum. Ban kira ba. Na gaya wa kaina ba na son in katse mata aiki.

Surukina ya riga ya nema mini wuri a wani falon hutawa, ya turo saƙon da zan nuna. Na nuna a ƙofa aka bar ni na shiga. Kujeru masu laushi, sanyin na'ura, talabijin a bango, da dogon tebur da aka jera manyan kwanonin ƙarfe masu murfi. Na ɗauka nan ne wurin da ƙanwata take kai abinci. Na ajiye jaka na nufi teburin kamar mai duba jarrabawar ɗalibai.

Na buɗe na farko, dafa-dukar shinkafa ce, ta bushe a gefe, ta canza launi. Na biyu soyayyiyar agada, ta sha mai ta kwanta. Na uku kaza, an yanka ƙanana, an soya har ta yi tauri. Akwai alale da ya huce tun safe, da ruwan zafi a fulas, ganyen shayi da madarar gari a gefe. Na ɗibi kaɗan daga kowanne a farantin roba na koma kujera. Shinkafar babu gishiri sosai. Alalen bai ji albasa ba.

Ba zan ɓoye ba, daɗi ya rufe ni. Na zauna ina tauna kazar nan mai tauri ina murmushi ni kaɗai. Ashe abin da ake ta yi wa addu'a ke nan. Har na fara tsara yadda zan ba maƙwabciyata labari in na koma gida, ina nuna tausayi, in ce aiki ne ya yi wa yarinyar yawa.

Wata ma'aikaciya ta zo kwashe faranti, na tambaye ta ko mai kawo musu abinci wata Basakkwaciya ce, doguwa, mai wushirya.

Ta ce, "A'a Hajiya, na gane wadda kike nufi. Ita falon manya take kai wa, a sama. Namu daga wani wuri ake kawowa."

Na ajiye cokali. Ban ma san akwai wani falo a sama ba.

Ba a jima ba aka yi sanarwa jirginmu zai yi jinkirin awa biyu. Ina zaune ina kallon allon tashin jirage, sai na ji an dafa kafaɗata ta baya.

"Adda! Shi ne kinka sauka ba ki kira ni ba?"

Ita ce, da farar rigar girki a kan atamfa, da katin aiki rataye a wuya. Ɗiyata ce ta gaya mata inda nake. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni a gaban mutane, ta tambayi mutanen Tambuwal ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta dubi farantina.

"Mi kike ci haka? Taso mu hau sama, na yi magana da mai kula da wurin."

Na ce na ƙoshi. Ta riga ta ɗauki jakata.

Falon saman bai fi na ƙasa girma ba, amma shiru ne, ƙasa shimfiɗe da kafet, mutane 'yan kaɗan. Abin da ya fara tarbata ƙamshin man shanu ne. A nan babu kwanon da aka rufe aka bari tun safe. Wata mata na tsaye gaban tandar ƙarfe tana soya masa, wanda ya nema sai a juye masa da zafinta. Miyar taushe na kan wuta ƙarama, kabewa ta narke a ciki. Akwai farfesun kifi, sinasir a naɗe, dambun nama, da zuma a ɗan kasko. Fura da nono an zuba a ƙananan ƙoƙuna, kowanne da ludayinsa, an jera su cikin ƙanƙara. Kankana da gwanda a yanke, zoɓo da kunun aya a tulunan gilashi. Farantan na tangaran ne, masu nauyi.

Na ga wani dattijo da babbar riga ya naɗe hannun riga yana cin masa da hannu, ya gama ya ce a ƙaro. Wata mata mai magana da Turanci tana tambayar sunan miyar, ana maimaita mata. Duk abincin gidanmu ne, wanda nake dafawa shekara talatin a tsakar gida, hayaƙi na shiga idona.

Ƙanwata ta zaunar da ni ta kawo masa uku da miya da kanta. Ta ja kujera ta zauna tana kallon bakina. Na gutsura ina fatan in ji tsami ya yi yawa, ko in tarar da tsakiyar ba ta nuna ba. Gefen ya yi ƙus, cikin kamar auduga, da wani ɗan garɗi a ƙarshe da ban taɓa samu a tawa ba. Ta fi tawa. Na sani tun a loma ta farko.

"Adda, yaya kinka ji ta?"

Na sha ruwa na ce, "Ta yi. Sai dai sukari ya ɗan yi yawa."

Ƙarya nake yi. Ita kuwa ta gyaɗa kai da gaske, ta kira matar da ke suya ta ce gobe a rage sukari a ƙullu. Sannan ta nuna ni ta ce mata, "Wagga ita ta koya mani masa. Duk abin da kika ga muna yi nan, daga hannunta ya fito."

Matar ta risina ta gaishe ni. Dattijon mai babbar riga ya ɗago ya ce Allah ya yi wa hannuna albarka. Na amsa da amin, kunya da haushi suna cina lokaci guda. Na so a ce ta yi mini girman kai, da na samu abin riƙewa. Na cinye masar uku, aka ƙaro biyu, su ma na cinye. Ta raka ni har bakin ƙofar shiga jirgi da ƙullin dambun nama na mai jego.

Kwana biyar na yi a Legas abin na cina. Ina yi wa jaririya wanka ina tunanin ana can ana ba mutane masa maras sukari saboda bakina. Rana ta shida bayan la'asar na kira ƙanwata. Muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Batun sukarin nan, ki bar shi yadda yake. Ina jin bakina ne ranar, na sha lemo kafin in ci."

Ta yi dariya. "Adda, kwana biyu munka rage, sai na ga ba ta yi ba, na mayar. Kunyar gaya miki nikai."

Sai na ji bakina na tambayar abin da na yi niyyar ba zan tambaya ba. "Mi kike sa wa ƙullun?"

Ba ta ja rai ba. Ta ce kindirmo ne, ludayi biyu, ana zubawa bayan ƙullu ya tashi, kamar yadda innarta ke yi a Fakku lokacin da shanu ke gida. Ta ce a rage yis in za a sa. Ta ƙara da cewa in shafa man shanu a tanda kafin man gyaɗa. Na ce to, kamar abin da na riga na sani ne na manta.

Bayan na koma Tambuwal da mako uku aka kira ni girkin suna a Sanyinna. Na aika aka samo mini kindirmo mai kyau, na yi yadda ta faɗa. Kafin a gama raba goro masar ta ƙare, ana ta leƙowa madafa ko da saura. Uwar mai jego ta zo ta tsaya kaina tana lashe yatsa.

Ta ce, "Malama, masarki ta yau daban ce. Mi kinka canza?"

Ina goge tanda, ban ɗago ba. Na ce mata shinkafar bana ce ta yi kyau.