Guru Lambertus da Ajin Latin

Duk wanda ya shiga makarantar horon fada-fada, wato limaman cocin Katolika, da ke kan tudu a bayan garin Larantuka a zamaninmu, a hannun malaminmu, Guru Lambertus Kopong, ya fara buɗe baki da harshen Latin. Shi kansa ya so zama fada, ciwon ƙirji ya mayar da shi gida. Ya yi aure, amma ajin ƴan shekarar farko ya zama cocinsa.

Ba ya fara mu da allo. Gindin tsamiya yake kai mu, inda ake soya masara a kasko, a baje kowace ƙwaya da dutse tun da zafinta. Kowane bugu da kalmarsa: amo, amas, amat. Wanda ya yi tuntuɓe, masararsa ta huce ta ƙi bajewa.

"Kai Fidelis, kan kwakwa!" in ji shi. "Ko akuyar matata Ina Benedikta ta kai jam'in kalmar, kai kana nan kana lissafin yatsu."

Fidelis ɗan ajinmu ne, maraya daga tsibirin Adonara. Shi ya fi shan zagi, shi kuma Guru ya ɗauke zuwa gidansa lokacin hutu. Matarsa, Ina Benedikta, ta ciyar da shi, Guru ya yi ta bi da shi har Latin ya zauna. Cikinmu duka shi ne ya zama fada. Ni na ƙare a koyar da lissafi a makarantar. Da gashinmu ya fara fari, aka dawo da Fidelis ya shugabance mu.

A lokacin an riga an mayar da ibada harshen ƙasa, ana ta raɗe-raɗin za a cire Latin daga ajin farko. Guru ya gayyaci Fidelis cin abincin rana, ni ma ina wurin. Bayan kifi da rogo, Ina Benedikta ta kawo kwandon siri-pinang, ganye da ƙwayar da muke taunawa su rina baki ja. A wurinmu, maganar da aka yi da jan baki a kan tabarmar mutum ta ɗauru.

"Ɗana, ajina fa?"

Fidelis, wanda ke kiransa Ama, wato Baba, ya ɗauka, ya tauna, ya yi dariya. "Haba Ama, wa zai taɓa ajinka ina raye? Sai dai in akuyar Ina ce za ta karɓe ka."

Ranar komawa makaranta Guru ya hau tudu da farar rigarsa, guga har tana ɗaukar ido. A ajinsa ya tarar da wani saurayi daga garin Kupang yana rubuta Turanci a allo. Yara suka juyo suna kallon tsohon, ba wanda ya miƙe.

Na bi shi zuwa ofishin Fidelis.

"Umarnin Bishop ne, Ama," in ji Fidelis, idonsa a kan tebur. "Mun bar maka kula da ɗakin littattafai."

"Yaushe umarnin ya zo?"

Fidelis ya shiga jera takardun da ke gabansa.

"Da kowane harshe ka ga dama ka amsa mini. Kafin ka zo gidana, ko bayan nan?"

"Kafin. Ban iya faɗa maka a gaban Ina ba."

Guru ya daɗe yana dubansa. "Da ka ƙi taunawa kawai, da na gane. Jiya matar nan ta yini tana hura gawayi saboda rigar nan."

Bai karɓi ɗakin littattafan ba. Na raka shi har gangare, a bakin rafi ya tambaye ni ko saurayin ya iya riƙe aji. Na ce ban sani ba tukuna.

Bai sake hawa tudun ba. Ran Lahadi yakan yi tafiya mai nisa zuwa cocin wani ƙauye, da ƙirjin nan nasa, don kada ya karɓi Jibin Ubangiji daga hannun Fidelis.