Abin da Auta ta sani

A duk layin, Mai Keke ake ce mata, don tun tana budurwa take kan keken ɗinki. Da babansu ya rasu, da keken nan ta riƙe ƙanwarta Auta, ta sa ta makaranta, ta aurar da ita. Mace ce marar kwana-kwana: in riga ba ta yi miki kyau ba sai ta faɗa, ko da ita ta ɗinka.

Al'ada ta daɗe da ɗauke mata, har ta manta yadda abin yake. Sai ga shi wata rana ta tashi daga kan aiki ta ga jini ya ɓata kujera. Wa za ta gaya wa in ba Auta ba?

Auta ta kwashe da dariya. "Yaya, ƙuruciya ce ta dawo! Ko mu nemo miki wani tsoho ne?"

"Marar kunya kawai. To in je asibiti?"

"Asibitin me? Zama ne ya yi miki yawa. Bari a gama bikin 'yarki tukuna."

'Yar Auta ce za a aurar, kayan amarya da na ƙawaye jibge a shago. Mai Keke ta ninka ƙyalle ta tare jinin, ta ci gaba da taka keke. Biki ya wuce, jini bai tsaya ba. Sai da ta yanke jiki ta faɗi a bakin shago aka kwashe ta zuwa asibiti.

Bayan gwaji likita ya ce kansar mahaifa ce, har ta fara yaɗuwa. Da ta zo tun farko, da abin bai kai haka ba. Ya tambaya ko wata ta taɓa yi a dangi.

Mai Keke za ta ce babu, bakin Auta ya suɓuce: "Haka Innarmu ta fara."

Lokacin ciwon Inna, aikin miji ya kai Mai Keke nesa, sai aka ce mata ciwon ciki ne Inna take yi. Auta ce ta yi jinya, ita ta wanke zannuwan. Wato ta san jinin nan sarai, ta dubi tsabar idon yayarta ta yi dariya!

"Yaya, wallahi tsoro na ji, na ce kar in tayar miki da hankali."

"Hankalina, ko bikinki?"

Ranar tiyata nas ta tambaya wa zai zauna da ita. Auta ta miƙe da sauri. Mai Keke ko kallonta ba ta yi ba.

"Ban da wannan. Ku kira min maƙwabciyata."