Tiburcia Ta Ƙetare da Mijinta

Shekarar da yaƙin Amurka da Meziko ya ƙare, manya suka ja iyaka a tsakiyar kogi, mutanen San Gabino suka wayi gari wai su Amurkawa ne. Gida ashirin da ɗaya suka ce ba da su ba. Suka kwashe komatsansu suka ƙetaro kudu ɓangaren Meziko, inda babu komai sai ƙaya da kunama, suka raɗa wa wurin Sabon San Gabino. Cikinsu har da Doña Tiburcia Longoria mai yin tubali, wadda mijinta Anacleto ya rasu shekara takwas kafin nan. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, bakinta kuwa Allah ya kiyaye.

Ita ta fara kwaɓa laka da ciyawa da kashin doki, ta gina ɗakin farko mai bango. Ta jera tubali ya bushe tana jiran masu saye, shiru. Kowa bukkar kara yake kafawa, irin ta wanda bai yanke shawarar zama ba.

Dalilin kuwa a fili yake. Duk farkon Nuwamba, ranar ziyarar matattu, sai gari ya ɗunguma ya haye arewa da furanni da burodi da kyandir, a wuni a kan kaburbura ana ci ana hira da iyaye. Da yamma a dawo babu gida biyu ko uku. Ko mutuwa aka yi, can ake kai gawa kusa da danginta. A shekara ta uku saura gida tara, abin ya ci wa Tiburcia rai ƙwarai.

Sai ga Don Casimiro mai fito, uban baftismar 'yarta, yana murza hula a hannu. Saboda baftismar nan suke kiran juna comadre da compadre.

"Comadre, kar ki ga laifina, ni ma komawa zan yi. Tsohuwata tana can kwance a kabari ita kaɗai."

Tiburcia ta san in mai kwalekwale ya tafi, gari ya mutu murus.

"To ɗauko ta mana, compadre."

"In ɗauko wa?"

"Kai da ke fiton jakai da aladu, uwarka ce za ta yi maka nauyi?"

Ya yi alamar gicciye a ƙirji. "Laka ta taɓa miki ƙwaƙwalwa, wallahi."

"Gobe da safe ka jira ni a mashigi. Kar ka sha komai."

Da hantsi ta haye da shebur da akwatin katako. Limamin coci ya buɗe littattafansa bai ga inda aka hana ba, ya ce ta je ita da Allah. Ta tone kabarin Anacleto da hannunta, ta naɗe ƙasusuwan cikin bargonsa na da, tana kuka tana yi masa tsiya.

"Tashi, malalaci. Da ranka ma sai na tashe ka."

A bakin ruwa wani sojan Amurka ya tare ta, ya tambayi abin da ke cikin akwatin.

"Mijina ne. Ɗan Meziko ne, kuskure aka yi aka bar shi a ƙasarku."

Soja ya leƙa, ya ja da baya, ya ba ta hanya. Casimiro ya tuƙa su, jama'a sun cika gaɓa biyu suna kallo.

Ta binne shi a kan tudun bayan bukkoki. Tubalin nan da ya yi kwantai ta kwashe kaf ta zagaye fili mai faɗin gona da katanga. Mata suka yi ta dariya, wai mutum ɗaya ta gina wa birni. Ta ce su dai su sa ido.

Kwana shida Casimiro ya iya daurewa. Rana ta bakwai sai ga shi da tsohuwarsa a akwati, yana cewa daga yau fiton matattu kyauta ne. Shi ke nan fa, aka ɓalle. Kafin damina akwati arba'in sun ƙetaro, kuma wanda ya kawo ubansa ba ya kwana a bukkar kara, bango yake so. Tiburcia ta ɗauki ma'aikata huɗu, tubali bai isa ba. Nuwamban da ya biyo baya, kwalekwale daga arewa ya riƙa zuwa maƙil da masu ziyara, wasunsu ma ba su koma ba. Kasuwa ta kafu, aka yi coci, daga baya har jirgin ƙasa ya iso.

Tana da shekara tamanin da ɗaya ta ce 'yarta ta kai ta tudu ta zaɓi makwancinta kusa da Anacleto. Suka duba dama, suka duba hagu, ko masaka tsinke babu. Mai gadin maƙabartar ya rasa inda zai sa kansa don kunya.

"Doña, ki yi haƙuri, sai dai can bayan katanga."

Tsohuwa ta kama sandarta tana dariya har da hawaye, daɗi ya cika ta.

"Bayan katanga? Kin ji ko, 'yar nan? Garin ya cika har ni ban da wuri!"