Kwanukan Kaka Sun Dawo

Abin da na fara gani da muka shiga gidanmu na ƙauye, kusa da Tsanyawa, shi ne kwanuka jere a ƙofar ɗakin Kaka. Shekara guda ke nan da rasuwarta, mun zo addu'ar tunawa da ita. Na gane langar nan mai jan fure, wadda bakinta ya ɗan ɓantare.

Kowace Kirsimeti Kaka takan zuba shinkafa da miya a kwanukanta masu kyau, ta ɗora mini a ka, in kai wa maƙwabtanmu Musulmi. Ba ta taɓa aikena karɓo kwano ba. Sai da Sallah yake dawowa, da tuwo mai zafi a ciki. Wata rana Gwaggo ta yi mitar ɗakin ya zama wayam. Kaka tana tsintar wake, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ke dai da son kaya. Yesu bai ce in tara langa ba, maƙwabcina ya ce in ƙaunata."

Bana da Sallah ta zo, gidan a kulle yake. Shi ya sa yau maƙwabta suka dawo da kwanukan a wanke, babu komai a ciki. Gwaggo ta fara zuba su a buhu, za ta tafi da su Kano.

Ubangiji ya ba Kaka hutawa, kada zumuncin nan ya bi ta kabari. Ban saba magana cikin manya ba, amma na riƙe mai jan furen.

"Gwaggo, don Allah bar mini wannan. Mu dawo lokacin Kirsimeti, in kai wa Inna maƙwabciyarmu shinkafa."